Wuƙar Bahago

Goma sha tara ne, cikin tsohon gwangwanin shayi,
ƙarƙashin gado, inda tsintsiyar Barira ba ta kaiwa.
Ta ce, mutum da aljihu biyu
me zai yi da wuƙa goma sha tara?
Na ce, ke da kai ɗaya, kallabi nawa?
Ta yi tsaki. A nan maganar ta kwana, shekara talatin.

Bayan asuba nakan zube su kan tabarma.
Ga mai ƙotar ƙaho, aikin Ilu maƙeri na Zango,
daga ƙarfen wata mota da ta mutu a hanyar Magarya.
Ga ta katako mai zobe a wuya,
baba ya karɓo ta hannun akawun gidan waya
da zabi biyu da dogon ciniki.
Ga siririyar nan, dutsen washi ya cinye ta
har ta koma ganyen dogon yaro,
amma ka nuna mata gashi, ka gani.

Ɗigon man keken ɗinki a gaɓa,
tsumma, farce a tsagi,
ƙas! ta buɗe. Ƙas! ta koma.
Ɗaya nake ɗauka. Sauran su jira gobe.

Ba faɗa nake zuwa ba.
Goro ne za a raba huɗu a bakin masallacin Birni,
igiyar jarka ta sarƙe a layin famfo,
jikata ta karya fensir,
raken Mirriya ya zo da taurin kai.
Duk unguwa ba mai yawo da wuƙa,
duk unguwa sun san aljihuna.

Akwai ta ashirin.
Kiyari ya are ta a tashar Tanut,
ƙafa ɗaya bisa taya, igiyar tamfol a haƙori.
Laraba zan dawo, ya ce.
Laraba ta zo fiye da dubu.
Na ji yana Arlit, na ji yana Dirku,
sai wata rana na ji ana shafa masa fatiha.
Na shafa tare da mutane,
zuciyata tana cewa: da wuƙata.

Alhamis ɗin da ta wuce, a Kasuwar Dole,
kan buhun wani yaro mai tarkace,
tsakanin makullan da ba su da ƙofa
da agogon da ya tsaya ƙarfe huɗu,
na ga tsaga uku a ƙota. Ni na yi su.
Na ga ƙusar tagulla. Ni na buga ta.
Jaka uku, in ji yaron, yana jiran in yi dariya.
Na ƙirga masa. Ya bi ni da ido,
yana cizon yatsa bai ce biyar ba.

A gida na ɗauko lemo.
Kaifi ya zame, ya ƙi kama ɓawo.
Na juya ta a rana, na duba baki:
washin ya kwanta ɗaya gefen.
Ashe na manta.
Kiyari bahago ne.

Rabin faɗinta ya tafi a dutse.
Wanda ya wasa abu haka bai yar da shi ba.
Wa ya san dare nawa ta yanka masa albasa
a inda ba itace, ba inuwa, sai ƙarƙashin mota.
Ilu ya ce kawo, yini ɗaya in mayar maka da bakin.
Na ce bari.

Yanzu aljihun hagu take kwana.
Ina koyon fira da hannun da bai iya ba,
babban yatsa ya sha yanka biyu.
Barira ta leƙa gwangwani, ta ce, to, sun cika ashirin.
Na ce sha tara.
Wannan ta Kiyari ce,
ni ne yanzu na ara.